Addu'ar kaɗaici: hankali na yawo, barci na ɗauka, zuciya a bushe. Me za mu koya wa 'yan aji?

Malamin Ajin Baftisma:

Salama gare ku cikin sunan Yesu, iyayena da 'yan'uwana. Tambayata a kan addu'ar da mutum yake yi ne shi kaɗai, ba ta majami'a ko ta sujadar iyali ba. 'Yan ajin baftisma kuka uku suke kawowa. Na farko, sun durƙusa, ko minti biyu ba a yi ba hankali ya tafi kasuwa, ko gona, ko kuɗin makarantar yara. Na biyu, barci. Na uku shi ya fi nauyi: baki na motsi, amma zuciya a bushe, ba sa jin komai. Mu kuwa iyakar abin da muke ce musu shi ne "ku nace da addu'a", kuma hakan bai isa ba. Ina neman abin da mutum zai ɗauka ya je gida ya aikata: minti nawa, da me zai fara, me zai yi in hankali ya gudu. A cikinsu akwai waɗanda ba su iya karatu ba, akwai kuma masu kwana su biyar a ɗaki ɗaya. Waɗansu suna tambaya ko azumi ne maganin. Allah ya sa albarka.

Fasto daga Kagoro:

Malam, sannu da aikin Ubangiji. Kuka na farko da na biyu kusan tushensu ɗaya. Mutum ya rufe Littafi, ya rufe ido, ya ce zai yi magana da Allah da abin da ke kansa. To, abin da ke kan mutum da sassafe shi ne bashi, da cefane, da maganar da wani ya faɗa masa jiya. Saboda haka abu na farko da za ku koya musu shi ne Littafi a buɗe, ido a buɗe. Allah ya fara magana, sa'an nan mu amsa masa da abin da ya faɗa.

Minti 15 ya ishi mai farawa. Kada ku ɗora musu awa guda. Wanda ya yi alkawarin awa guda yakan yi kwana uku ya gaji, daga nan kunya ta hana shi komawa ko da na minti biyar. Ga yadda za a raba: minti ɗaya a zauna a natsu, a roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe Maganar. Minti huɗu a karanta aya shida zuwa goma, sau biyu, da murya ƙasa-ƙasa yadda kunne zai ji. Minti bakwai a mai da abin da aka karanta ya zama addu'a. Minti uku na ƙarshe a yi roƙo domin mutane, a ambaci sunayensu.

Minti bakwai ɗin nan na tsakiya su ne wuyar aikin. A shekarar 1535 Martin Luther, babban malamin Kirista na ƙasar Jamus, ya rubuta wa wanzaminsa, wani mai suna Peter, wasiƙa a kan wannan, kuma hanyar da ya ba shi tana shiga kan kowa. Kowace aya a yi mata tambaya huɗu: me take koya mini, me zan gode wa Allah a kai, wane laifi nawa ta tona, me zan roƙa. Mu ɗauki roƙon abincin yini a cikin Addu'ar Ubangiji, Matiyu 6:11. Koyarwa: Allah ne mai ciyarwa, kuma na yau ya ce a roƙa, ba na shekara ba. Godiya: a ambaci tuwon jiya, ruwan da aka samu, ƙarfin jikin da aka yi aiki da shi. Furta zunubi: damuwar da ta hana barci, rowa, mudun da aka tauye wa mai saye. Roƙo: aiki, damina mai albarka, da gwauruwar da ke unguwa wadda aka san ba a ɗora tukunya a gidanta ba. Aya ɗaya ke nan, ta ci minti biyar ba tare da an maimaita magana ba. Luther ya ƙara da cewa in wani tunani mai kyau ya kama zuciya a tsakiya, a tsaya nan, a bar sauran. Ba tsere ake yi ba.

Yawon hankali kuwa ba iri ɗaya ba ne, maganinsa ma ba ɗaya ba. In abin yi ne ya faɗo a rai, kamar sayen taki ko kiran wani, a ajiye takarda da biro kusa, a rubuta kalma ɗaya, a koma kan ayar. Zuciya tana ta tuna maka ne don tana tsoron mantuwa. Da an rubuta sai ta saki. In damuwa ce ta dawo sau uku, kada a kore ta, ita ce addu'ar ranar, a kai ta gaban Allah bisa ga Filibiyawa 4:6. In mugun tunani ne, na sha'awa ko na fushi, kada a tsaya kokawa da shi, domin kokawar ita ke ƙara masa ƙarfi. A ce "Ubangiji, ka ga wannan", a sa yatsa a kan ayar, a ci gaba. Wanda hankalinsa ya tafi sau ashirin ya dawo da shi sau ashirin, ya yi addu'a. Ku faɗa musu wannan a fili, don da yawa suna ɗauka zunubi suka yi.

Masu karanta Littafi Mai Tsarki a waya, su kashe data tun daren jiya. In saƙon WhatsApp ya riga ayar shiga ido, an gama.

Game da abin karantawa, Zabura ce makarantar addu'a. Guda 150 ce, biyar a rana ta ƙare a wata ɗaya: a ɗauki kwanan wata a riƙa ƙara 30. Ran 7 ga wata ke nan za a karanta 7, 37, 67, 97 da 127. Zabura 119 tana da aya 176, takan faɗo ran 29, sai a ɗaga ta zuwa ran 31.

Katikis daga Kafanchan:

Baba Fasto, ranka ya daɗe, ba abin da zan rage a maganarku. Zan ɗora ne a kan kuka na uku, bushewar zuciya, domin a wajenmu an daɗe ana koyarwa a kansa.

Tukuna dai, ga abin da ya yi kusa da na Luther. Wani ɗan zuhudu mai suna Guigo, a ƙarni na 12, ya tsara matakai huɗu: karatu, bimbini, addu'a, sai zama shiru a gaban Allah. Bambancin yana mataki na biyu da na huɗu. A bimbini ba a bin sura duka. Ana karantawa a hankali har kalma ɗaya ko rabin aya ta tsai da mutum, sai ya riƙa maimaita ta a bakinsa. A na huɗu kuma ba a cewa komai. Mai farawa ya yi minti biyu kawai. In ya wuce haka yawanci barci ne ko mafarkin ido biyu. Kuma shirun nan ba kwashe kai ba ne a bar shi fanko. Ayar tana nan a riƙe, in hankali ya zame a koma mata.

Da dare akwai binciken zuciya da Ignatius na Loyola, wani malamin Katolika da ya rasu a 1556, ya koyar. Mataki biyar ne, kamar kwata na awa, kafin jiki ya taɓa shimfiɗa. A gode wa Allah saboda alheran ranar. A roƙi haske don a ga kai yadda yake. A bi ranar daga tashi har zuwa yanzu, awa bayan awa: tunani, magana, aiki. A nemi gafara. A ƙudura abu ɗaya da za a gyara gobe. Inda mutane ke ɓata shi wuri biyu ne. Waɗansu sukan tsallake godiya su faɗa kan lissafin laifi, sai su kwanta da baƙin ciki, bayan mako ɗaya su daina. Waɗansu kuma sukan ƙudura abu goma. Ɗaya ya isa, kuma ya zama mai kamuwa: "gobe zan gai da wance kafin ta gaishe ni", ba "zan zama mai ƙauna" ba.

Yanzu bushewa. Ku fara da gaya musu cewa jin daɗi ba shi ne ma'aunin addu'a ba. Sabon tuba yakan sami zaƙi a watannin farko, hawaye, farin ciki, sai wata rana ya ɗauke. In ba a yi masa gargaɗi tun da wuri ba, sai ya ce Allah ya yashe shi, ko ya fara yawon majami'u yana neman inda jikinsa zai yi rawa. Ignatius ya ba da ƙa'ida mai ƙarfi a nan: a lokacin duhu kada a sauya shawarar da aka yanke a lokacin haske. Wanda ya ƙudura minti 15 ya yi minti 15 ɗinsa, ko da bai ji komai ba. Ya ma ce in zuciya na son gajartawa, a ɗan ƙara a kai. Teresa ta Avila, wata 'yar zuhudu ta ƙasar Sifen, ta yi shekaru masu yawa ba ta iya zama addu'a sai da littafi a hannu, saboda irin wannan bushewa da yawon hankali.

Sa'an nan a ba su kalmomin da za su faɗa, domin mai bushewa ba ya da nasa. Zabura 13 aya shida ce kawai, ta fara da tambayar Allah har yaushe zai manta da mai roƙo. Zabura 42 da 43 mutum ne yake tambayar ransa dalilin da ya sa ya karai. Zabura 88 kuwa ta ƙare a cikin duhu, ba yabo ko ɗaya a ƙarshenta, kuma Allah ya bar ta a cikin Littafinsa. Mutanenmu suna jin tsoron yi wa Allah kuka irin wannan, suna ganin rashin bangaskiya ne. Ku karanta musu a aji su ji da kunnensu. Ranar da ko wannan ya gagara, addu'ar mai karɓar haraji a Luka 18:13 ta isa, a maimaita ta a hankali, a dogara ga Romawa 8:26, cewa Ruhu yana roƙo dominmu sa'ad da ba mu san abin da za mu ce ba.

Mama Zumunta, ma'aikaciyar jinya:

Malam, ɗana, barcin nan kada ku yi saurin ɗora wa Shaiɗan. Wadda ta kwanta ƙarfe sha biyu bayan wanke-wanke, ta tashi ƙarfe huɗu, ta durƙusa ta kifa fuska a kan katifa a cikin duhu, dole ta yi barci. Addu'ar safe tun dare ake shirya ta. A kwanta da wuri, a ajiye Littafi da tocila inda hannu zai kai. In an tashi a wanke fuska, a sha ruwa, a bar gadon. A zauna a kujera baya a miƙe, ko a tsaya, ko a yi ta zagaya tsakar gida. Durƙuso yana da kyau, amma ba a jikin gado ba. Leɓe ya riƙa motsi kamar na Hannatu a 1 Sama'ila 1:13. Addu'ar cikin kai zalla ita ce ta fi kawo gyangyaɗi. Ku tuna kuma da Iliya a 1 Sarakuna 19. Sa'ad da ya karai har ya roƙi mutuwa, mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sake kwantawa.

Ba dole ne sai da asuba ba. Markus 1:35 ya nuna Yesu yana tashi tun da sauran duhu, amma mai gadi da ya kwana a tsaye, ko mai jego, su nemi lokacin da kansu ya fi sakewa. Ga mata da yawa, bayan yara sun tafi makaranta ne. Abin da ake so lokacin ya zama ɗaya kullum, a rataye shi a jikin wani abu da ba ya fashi. A garuruwanmu kiran sallar asuba na maƙwabta ma agogo ne da ba ya buƙatar caji.

Masu ɗaki ɗaya, Matiyu 6:6 ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa, amma Yesu da kansa dutse da jeji yake tafiya. Bayan ɗaki, gindin bishiya, madafa kafin a hura wuta, majami'a in tana kusa kuma a buɗe, ko hanyar gona. Da hunturu a yafa zane a zauna a ƙofar ɗaki.

Waɗanda ba su iya karatu ba, a ba su aya ɗaya a mako su haddace a aji, a maimaita har ta zauna. Da Addu'ar Ubangiji, da Zabura 23, da waƙoƙin sujada da suka riga suka sani, suna da abin da za su yi tambayoyi huɗun Baba Fasto a kai har shekara. Akwai kuma Littafi Mai Tsarki na sauraro da Hausa, matasa su sa musu a katin waya. Su saurari ɗan guntu sau biyu su kashe, kada su bar shi yana ta yi.

Azumi ba maganin yawon hankali ba ne. A ranar farko ma ƙara shi yake yi, ga ciwon kai, musamman ga mai shan shayi ko cin goro. Amfaninsa shi ne lokacin dafuwa da ci ya koma na addu'a. In ba a yi haka ba, yunwa kawai aka sha. Mai farawa ya yi daga shida na safe zuwa sha biyu, rana ɗaya a mako, yana shan ruwa. In ya saba ya kai ƙarfe uku na rana, daga baya shida na safe zuwa shida na yamma. A buɗe baki da ruwa da kunu ko 'ya'yan itace, a dakata kaɗan kafin tuwo. Azumin da ba ruwa a zafin Maris da Afrilu yana da haɗari ga ƙoda, bai kamata a sa ikilisiya duka a ciki ba. Mai ciki, mai shayarwa, mai gyambon ciki, mai sikila, da mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da suga, kada su shiga sai sun ga likita. Rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri, ganin dishi-dishi: a karya nan take da abu mai zaƙi, ba zunubi.

Abu ɗaya kuma. In bushewar ta haɗu da rashin barci, rashin cin abinci, komai ya fita a rai har mako biyu ko fiye, ko mutum yana cewa gara ya mutu, wannan ya wuce aji. A raka shi asibiti, a ci gaba da yi masa addu'a, kada a sa shi azumi.

Dattijon Ikilisiya:

Fasto, ku yi mini haƙuri, Zabura biyar a rana ta yi wa 'yan aji yawa. A minti huɗun da kuka ba karatu ba za ta shiga ba, sai su yi ta gudu don su cika lissafi. Wannan tsari na wanda ya yi shekara yana yi ne. Mai farawa a ba shi Zabura ɗaya gajera ya yi mako a kanta: 1, 23, 51, 103, 121, 130. Mako shida ke nan, kuma ya taɓa koyarwa, dogara, tuba, godiya da jira.

Katikis ya yi gaskiya cewa bushewa ba kullum laifin mutum ba ne. Amma wani lokaci laifinsa ne, kuma malami ya kamata ya tambaya, a keɓe, ba a gaban aji ba. Akwai wanda ba kwa ga maciji da shi? Matiyu 5:23-24 ya ce a bar baiko a gaban bagade a je a shirya tukuna. Akwai zunubin da aka sani ake riƙe da shi? Zabura 66:18. Magidanci kuma, yaya zamansa da matarsa? 1 Bitrus 3:7 ya ce wannan kan hana addu'a. In an sami abu, a tuba, a biya bashin, a je a gaisa. In an bincika sau ɗaya da gaskiya ba a sami komai ba, a daina tono. Akwai masu raunin lamiri da za su yi wata suna neman zunubin da babu shi.

Maganar murya kuma, matasa suna ganin in ba a ɗaga murya an yi gumi ba, ba a yi addu'a ba. Ibraniyawa 5:7 ya nuna Yesu ya yi roƙo da kuka mai ƙarfi da hawaye, don haka ba haramun ba ne. Amma Matiyu 6:7 ya hana yawan surutu, kuma wanda ya saba da addu'ar taro kaɗai, in ya zauna shi ɗaya sai ya rasa ta cewa. Ban da haka, maƙwabci yana da haƙƙin barcinsa da ƙarfe huɗu na dare.

Malamin Ajin Baftisma:

Na gode, iyayena. Saura abu ɗaya: minti ukun roƙo domin mutane. Sunaye suna da yawa, wasu sukan ce in sun manta da wani sai su ji sun yi laifi.

Fasto daga Kagoro:

Baba Dattijo, na karɓa, a fara da Zabura ɗaya a mako. Malam, sunaye a raba su bisa kwanaki. Mutanen gida kullum. Litinin dangi, Talata ikilisiya da shugabanninta, Laraba marasa lafiya da masu makoki, Alhamis maƙwabta da abokan aiki, Kirista da Musulmi, Jumma'a masu mulki bisa ga 1 Timoti 2:1-2, Asabar masu bishara da waɗanda rikici ya raba da gidajensu, Lahadi godiya zalla. Kowace rana kada ta wuce suna biyar, kuma kowane suna a roƙa masa abu ɗaya takamaimai, ba "ka albarkace shi" kawai ba. Wanda ya ce "ka yi mini addu'a" a hanya, a yi masa nan take ko da jimla ɗaya ce, kamar gajeriyar addu'ar Nehemiya a gaban sarki a Nehemiya 2:4, kada a ce sai an je gida. Wanda kuke jin haushinsa ya shiga jerin Alhamis, a fara da shi. Masu rubutu su ja layi a tsakiyar shafi, roƙo da kwanan wata a hagu, amsa a dama, su duba ƙarshen wata. Waɗanda ba sa rubutu su yi da yatsu biyar, kowane yatsa suna ɗaya. A makon farko ku yi minti 15 ɗin tare da su a aji, da agogo a hannu, a kan Zabura 1, su ga yadda ake yi kafin ku sallame su.